Takalmi Mai Wuƙa a Akwatin Usmanu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga Jarwal, Makka.

Zuwa ga ɗana Usmanu, gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Ubangijin wannan Ɗaki ya sauke ka Jidda lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na direban da ke gyangyaɗi, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka ci abinci da inda za ka kwanta. Innarka tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka kada ka sha ruwan sanyi da gumi a jikinka. Na tuna mata cewa ɗan mai ƙanƙara ne kai, kuma gidan yin ƙanƙara za ka aiki, ta ce duk da haka in rubuta. Ga shi na rubuta.

Bayan haka, na san za ka yi tsaki da ka ga Hausa ce. Da gangan na yi. In da Larabci ne, ido ɗaya za ka zuba mata ka ce ɗayyib, wato to na ji, ka ninke. Hausa kuwa sai ka bi ta harafi-harafi kana motsa baki kamar lokacin da kake riƙe allo. Hakan nake so.

Na buɗe akwatinka kafin a ɗaure shi. Na ga takalman ƙwallo a ƙarƙashin riguna, an naɗe su da tsohon zanen Innarka. Na kuma san mutumin nan mai haƙorin zinare da ya riƙa tsayar da kai a bakin gidan shayi, wanda ya ce maka ƙungiyarsu a Jidda tana jiranka, aikin gidan ƙanƙara kuma ka riƙe shi don rufe bakin tsofaffi. Kada ka tambayi wanda ya gaya mini. Mutumin da ke kai sanyi kowane gidan shayi a unguwa ba ya rasa labari. Kuma ina nan a tsaye lokacin da maɗori ya taɓa gwiwarka ta hagu ya ce in ta sake shan duka irin na bara, sanda za ka dogara har ƙarshen rayuwarka.

Ba faɗa zan yi maka ba, na gwada faɗa a kanka tun kana ƙarami ban ga ribarsa ba. Labarin wani mutum zan ba ka, wanda ban taɓa gani ba, sunansa ma harshena ya ƙi ɗauka. Ɗan ƙasar Rasha ne.

Ka tuna shekarar da muka fara kai ƙanƙara Arfa a lori. Kai kana gida da zazzaɓi. Ranar tsayuwa, rana ta take, sai aka kinkimo mini wani alhaji fari, fuskarsa ta yi ja kamar tumatir, numfashi da ƙyar. Na shimfiɗa shi a inuwar lori, na fasa ƙanƙara na sa masa a hammata da ƙeya, yadda muke yi. Da ya farfaɗo bai nemi ruwa ba. Tafin hannunsa ya ɗora a kan allon ƙanƙara ya bar shi a can, yana murmushi kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu. Ya ce da ni, da irin Larabcin nan na littafi wanda ba mai sayen albasa da shi, wai a ƙasarsu a kan wannan suke tafiya. Na ce masa Allah ya sawwaƙe, don na ɗauka rana ce ke magana.

Sunansa Alhaji Rashid, Musulmi ne daga Masko, cikin 'yan kaɗan ɗin da hukumarsu ta bari suka zo. Bayan an sauko daga Mina suna jiran tafiya, sai ya gano ma'ajiyata. Kullum da la'asar ya zo ya zauna a kan buhunan garin katakon da muke rufe ƙanƙara da shi, inda sanyi ke fitowa. Ammu Tursun mai gurasa, maƙwabcinmu, shi ne tafinta. Da fari ya ƙi, don shi gudu ya yi daga waccan ƙasa, duk wanda ya fito can ɗan leƙen asiri ne a wurinsa. Amma da ya jiyo ta bayan bango ana wani harshe mai kama da na uwarsa, ya kasa daurewa, ya shigo da gari a hannu.

A nan ne Alhaji Rashid ya maimaita zancen, da hankalinsa garau. Wai in sanyi ya zo kogi kan daskare har a bi ta kansa da keken doki. Wai samari kan ɗaura wuƙaƙe a ƙarƙashin takalma su yi gudu a kai fiye da doki. Wai har wasa suke yi, da sanduna masu lanƙwasasshen kai, suna korar wani ɗan faifan roba baƙi mai girman waina zuwa raga.

Ga kuskurena na farko. Ni ɗan kasuwa ne, ina taƙama na san ƙarya tun tana rarrafe. Ni da na taɓa rantse wa wani alhaji mutumin tsibirin Jawa cewa ƙanƙarata ba ta narkewa sai bayan magariba. Don haka na yi dariya, na ce da Hausa, a zatona ba mai ji, wannan baƙo ya fi ni iya sana'a. Na manta Ammu Tursun ya tsufa yana sayar wa Hausawa gurasa. Ya juya ya fassara masa kalma-kalma, mugun. Baƙon bai yi fushi ba. Ya ciro tabaraunsa, wanda ya naɗe da guntun jarida, ya warware jaridar ya shimfiɗa a gwiwata.

Hoto ne, Usmanu. Mutum ya kwanto gaba kamar zai faɗi amma bai faɗi ba, sanda a hannu, wuƙa a ƙarƙashin kowace ƙafa, garin ƙanƙara na tashi a bayansa irin wanda ke tashi in na sa zarto. Bayansa kuma jama'a ce cikin manyan riguna, tururi na fita daga bakunansu. Na juya takardar, na ɗaga ta a haske, ina neman inda aka yi ha'inci. Babu.

Saboda haka ka ji: a Jidda za ka zauna da mutanen teku, Girkawa da Indiyawa da Sudanawa da waɗanda ba ka san sunan ƙasarsu ba. In wani ya faɗi abin da bai shiga kanka ba, kada ka auna shi da mudun Jarwal. Ƙarya tana nan da yawa, amma ita ƙarya yawanci tana son wani abu a aljihunka. Ka duba wannan tukuna. Alhaji Rashid ba abin da yake so a wurina sai sanyi, mai haƙorin zinare kuwa kai ka san abin da yake so.

Daga ranar na zama ɗalibi. Mutumin da ke cikin hoton, in ji shi, babu kamarsa a ƙasar. Yara kan yi faɗa a kan wanda zai ɗauki sunansa in suna wasa a tsakar gida. Na tambaya ko ƙarfi ne, ya ce akwai waɗanda suka fi shi. Ko gudu ne, ya ce akwai. To mene ne? Sai ya tashi, tsoho da shi, ya ɗauki ƙugiyar da nake jan ƙanƙara da ita, ya sa Ammu Tursun ya tsaya a bakin ƙofa a matsayin mai tsaron raga. Ya taho kamar zai bi dama, kafaɗa da ido duk sun tafi dama, Ammu Tursun ya bi su, shi kuwa ya sulale ta hagu. Mai gurasa ya tsaya yana rungume da iska.

Abin da ya fi kama ni shi ne wannan. A wasan nasu ragar ba a jikin bango take ba, akwai hanya a bayanta. Wannan gwani sai ya yi kamar ya fasa, ya wuce raga gaba ɗaya kamar wanda ya yi ɓatan kai, mai tsaro ya saki jiki, shi kuma ya zagayo ta baya ya zura ta ɗaya kusurwar. Na buga cinya na ce wallahi wannan ciniki ne. Mai saye na gaske haka yake yi, ya taya, ya juya baya ya tafi, sai ka fara nadama ya ɓullo ta inda ba ka tsare ba. Na yi shekaru ina zaton mu 'yan kasuwa muka ƙago wannan, ashe wani yana yi a kan ruwa daskararre, da wuƙa a ƙafa, dubban mutane na kallo. Ammu Tursun ya ce in ji tsoron Allah, ina yabon mutumin da wataƙila bai taɓa fuskantar alƙibla ba. Na ce masa ai ba limanci zan ba shi ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda za ka yi wa dariya, na yafe maka. Abin ya hana ni sukuni. Ta yaya mutum zai tsaya a kan wuƙa? Ƙanƙara kayana ce, na san nauyinta, na san kukanta in za ta tsage, amma ban taɓa taka ta ba. Ga wanda ya sani yana zuwa ma'ajiyata kullum. Amma na ƙi tambayarsa yadda ake ƙera takalmin, saboda a kasuwa an koya mana cewa wanda ya nuna yana so, shi ake tsawwala wa. Sai na ɗauki tsofaffin takalmana na fata na kai wa maƙerin nan Bayamane na bayan masallaci, tare da wuƙaƙen yankan nama biyu. Ya tambaye ni ko wani na yi niyyar shura. Na ce ya kafa su a tafin, kaifi ƙasa, ya wasa su har su aske gashi.

Da hantsi, lokacin da kowa ke cikin inuwa, na rufe ma'ajiya, na jera allunan ƙanƙara a ƙasa kamar shimfiɗar daɓe, na ɗaura takalma, na dafa bango na hau. Ka san me ya faru? Ban zame ba. Wuƙaƙen suka nutse, na kafe wuri ɗaya kamar turke. Na yi ta jijjiga jiki, na kwanto gaba yadda na gani a hoto, na tura da ƙarfi. Ƙafa ɗaya ta kuɓuce ta tafi abinta, ɗayar ta faɗa tsakanin allo da allo ta maƙale. Na sauka a kan hannuna na dama. Na ji ƙarar da ya yi kafin in ji zafin.

Da la'asar Alhaji Rashid ya iske ni da hannu a kumbure, takalman a gefe. Ya ɗauki ɗaya ya duba, ya duba ni, sai ya zauna a ƙasa yana dariya har hawaye na bin gemunsa. Da ya samu numfashi ya bayyana mini cewa tasu wuƙar ba ta yanka ko tumatir. Bakinta a shafe yake, da ɗan kwari a tsakiya, gefe biyun ne ke riƙe ƙanƙara. Ita ma ƙanƙarar sai an kwarara mata ruwa ta zama fuska ɗaya sumul. Ya ce, “Da ka tambaye ni, ai da na zana maka a ƙasa.” Kafin mu shanye shayi ɗaya da ya gama zanen.

To kai ma haka kake, na lura. Ba ka tambaya, kana ganin tambaya ƙasƙanci ce. A gidan ƙanƙara za a sa ka ƙarƙashin masu inji. Ka tambaye su har su gaji da kai. Ciniki ne kawai ake ɓoye sha'awa a cikinsa. Wajen koyo, wanda ya ɓoye ta shi ke tashi da karaya.

Na uku ya fi su nauyi, shi ne kake gani a wannan rubutu da ke hawa tudu yana gangarowa. Maɗori, wannan dai da ya duba ka, ya ɗaure hannun ya ce in ajiye shi har ya kama. Amma zafi na kan ganiyarsa, alhazai ba su gama watsewa ba, ga wani sabon mai ƙanƙara yana zagaya gidajen shayina yana gaishe su da fara'a. Na ce in suka gan ni da hannu a rataye, sun tafi. Na kwance ɗaurin, na saki hannun riga a kai, na koma jan ƙugiya. Ba wanda ya gane. Na ji daɗin wayona ƙwarai. Gidajen shayin suna nan har yau ban rasa ko ɗaya ba, hannun ne bai dawo ba. Ka sha ganin Innarka tana ɓalle mini maɓallin wuya, ka ɗauka soyayya ce. Akwai soyayyar, amma yatsun ne ba sa haɗuwa.

Ana gobe za su tafi, Alhaji Rashid ya kama ni ina jan allo da wannan hannu ina cije leɓe. Sai ya ce wa Ammu Tursun ya gaya mini akwai abin da bai faɗa ba game da gwanin nasu. Ashe ba da ƙanƙara ya fara suna ba. Ɗan ƙwallon ƙafa ne, irin taka, kuma a can ma babu kamarsa. Da abokan hamayya suka ga ba sa iya kama shi, sai suka koma farautar gwiwoyinsa. Likitoci suka yi masa aiki, ya koma fili tun bai warke ba saboda jama'a na kiran sunansa. Aka sake dukan wurin, aka sake yanka. Haka ya yi ta yi, har ƙafar ta ƙi ɗaukar gudu a kan ciyawa. Mutane suka ce ya ƙare.

Amma tun yana yaro yakan yi wasan ƙanƙara in sanyi ya rufe filayen ƙwallo, abin rage lokaci. A kan ƙanƙara ƙafa ba ta dukan ƙasa, sulalewa take. Sai ya tattara ya koma can ɗungurungum, da idonsa da yaudararsa da wannan zagaye ta bayan raga. A can ne ya ja 'yan ƙasarsu suka kayar da mutanen ƙetaren teku, waɗanda su suka ƙago wasan. Daga baya Ammu Tursun, wanda ya rantse ba ya sauraron rediyon waccan ƙasa, yakan leƙo lokaci-lokaci ya ce mini mutuminka ya sake ci. Kwanakin baya ya ce wai yanzu ya ajiye sanda yana koya wa samari.

Na tambayi Alhaji Rashid abin da har yau ke cina. Ranar da ya gane ciyawa ta ƙi shi, me ya yi? Ya yi kuka? Wani ne ya zaunar da shi, ko shi kaɗai ya zauna? Takalman ƙwallonsa fa, ya bayar ko ya ɓoye su a ƙasan akwati? Ya ce, “Ni daga kan benci nake kallonsa, ban taɓa shiga gidansa ba.” Ya bar mini hoton. Yana manne a cikin murfin akwatin garin katako, inda 'yan hisba masu hana hotuna ba sa leƙawa. Ka sha buɗe wannan murfi, ba ka taɓa tambayata ko wane ne ba.

In na dube shi yanzu ba ragar nake tunani ba. Ina tunanin mutum ne da ya yi taurin kai irin nawa, ya biya da ƙafarsa, amma ya farga tun yana da sauran abin takawa. Ni ban farga ba sai da aka gama. Kai kuwa har yanzu kana takawa da ƙafa biyu.

Na taɓa kallon wasanka, ba ka sani ba. A filin nan na bayan unguwar Utaibiyya, na laɓe bayan lori kamar mai gyaran igiya. Ban san dokokinku ba, amma na ga abu ɗaya. Sauran yara ƙwallo suke bi, kai kuwa kana zuwa inda za ta je kafin ta yanke shawara. Na ji wani abu a ƙirjina da ban gaya wa kowa ba, don haka kada ka ce ban san abin da nake roƙonka ka ajiye ba. Amma wannan ido ba a gwiwa yake ba. Duk inda ka kai shi zai yi aiki.

Ban ce inji ne rabonka ba, ban sani ba. Sai dai ina da buƙata ta kaina. Rayuwata duka ina sayar da ƙanƙara, amma har yau ban san yadda ake yi ruwa ya zama dutse a garin da ƙwai ke dahuwa a kan dakali ba. An ce da wuta ma injin ke aiki. Wuta ta haifi sanyi? Na tambayi direbobin da ke kawo mini, suka ce su dai lodi suke yi. Ka shiga cikin abin nan ka gano mini, ka rubuto dalla-dalla, da Larabcin ma na yarda. In kuma ka gamu da wani ma'aikacin jirgi daga ƙasashen sanyi, ka tambaye shi yadda suke tsayawa in suna cikin wannan gudu. Na manta ban tambaya ba, ni kuwa tawa tsayawar ba abar koyi ba ce.

Saura maganar akwati. Innarka ta ce a jefa takalman a tanderun Ammu Tursun. Na hana. In ka warware zanen za ka tarar da na dama yana nan lafiya, har na shafa masa mai. Na hagu kuwa na cire, na sa maka nawa a madadinsa, mai wuƙar. Ka yi hankali da yatsunka, har yanzu yana aski. Naka yana rataye a ƙusa a ma'ajiya, sama da akwatin garin katako.

Na san ana sayar da takalma a Jidda, na kuma san mai haƙorin zinare zai ba ka wasu kafin ka rufe baki. Ban ɗaure ka ba, ba ni da hannun ɗaure kowa. Amma in ka yanke cewa sai ka buga, to ka buga da naka. Ka hau mota ka zo Makka, ka shigo ma'ajiya da rana tsaka, ka ce Baba ba ni takalmina. Wallahi zan ba ka, ba zan ƙara kalma ba. Sharaɗi ɗaya ne, ni zan sauko maka da shi daga ƙusa, da wannan hannun na dama, kana tsaye kana kallo.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ƙafafunka biyu, ya sa ka fi ni jin magana ko da kaɗan ne. Ya dawo mana da kai kana tafiya da kanka. Ka riƙe salla, ka gaishe da mai masaukinka. Amin.

Mahaifinka,
Garba mai ƙanƙara